RA'AYINMU: Kuɗin Raya Shiyyoyi Na Bukatar Mai Bin Sawu

A cikin watan Yuli na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, wadda aka ajiye hedkwatarta a Kano, tare da takwararta ta Kudu Maso Gabas. A cikin 2025 kuma aka kafa ta Arewa Ta Tsakiya, da ta Kudu Maso Yamma, da ta Kudu Maso Kudu. Idan aka haɗa da ta Arewa Maso Gabas da ke Maiduguri, wadda aka yi dokarta a 2017, da kuma ta yankin Neja Delta da ke Fatakwal, wadda ta girme su duka, sai a ga babu sauran wani sashe na Nijeriya da ba shi da hukumar da aka ɗora wa alhakin raya shi. Tun a watan Oktoba na 2024 ma Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Raya Shiyyoyi domin ta riƙa kula da su baki ɗaya.

Wannan abin a yaba ne, kuma mun yaba. Duk wanda ya san halin da ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato suke ciki saboda 'yan bindiga, ko ya ga yadda rikicin Boko Haram ya bar garuruwan Borno da Yobe, ba zai ce an yi gaggawa ba. To amma kafa hukuma abu ne mai sauƙi, zuba mata kuɗi ma ba wuya in dai akwai su. Inda gizo ke saƙa shi ne a san inda kowane kwabo ya shiga bayan ya bar Abuja, da wanda zai tsaya ya ba da bayani idan aka nemi aikin aka rasa. A kan wannan muke so mu jawo hankalin hukuma da na jama'a tun ba a yi nisa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai mun tsallaka wata ƙasa neman darasi ba. Tun 1958 kwamitin Willink, wanda ya duba koke-koken ƙananan ƙabilu kafin samun mulkin kai, ya ba da shawarar a ba yankin Neja Delta kulawa ta musamman, aka kuwa kafa masa hukuma a 1961. A 1992 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa OMPADEC domin yankunan da ake haƙo mai. Ita ma ba ta kai ko'ina ba, sai a 2000 aka maye gurbinta da NDDC, wadda ke kula da jihohi tara. Doka ta tanadar wa NDDC hanyoyin samun kuɗi masu kauri: akwai gudummawar Gwamnatin Tarayya, akwai kashi 3 cikin 100 na kasafin shekara na kamfanonin mai, akwai kuma rabin kason da jihohin ke samu daga asusun kula da muhalli.

A watan Oktoba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni a yi wa hukumar binciken ƙwaƙwaf tun daga 2001. Da aka miƙa rahoton a watan Satumba na 2021, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, wanda ya karɓa a madadin Shugaban Ƙasa, ya shaida wa duniya cewa kimanin Naira tiriliyan 6 ne aka ware wa hukumar daga 2001 zuwa 2019, cewa akwai ayyuka 13,777 da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma hukumar tana da asusun banki har 362 waɗanda lissafinsu bai dace da juna ba. Shekara uku bayan haka ba a buga rahoton don jama'a su gani ba.

Mai karatu ya lura da abu guda. Ayyuka 13,777 ba su lalace a dare ɗaya ba. Shekara goma sha takwas aka yi ana ba da kwangila, ana biyan kuɗi, ana rufe littafin shekara ana buɗe sabo, kuma a duk tsawon wannan lokaci hukumar tana da akantoci, tana da masu bincike na cikin gida, akwai kwamitoci a Majalisar Dattawa da ta Wakilai da ke kula da ita. Da binciken shekara-shekara yana aiki yadda ya kamata, da tun a aiki na ɗari aka farga. Binciken da aka yi bayan shekara goma sha takwas kuwa ihu ne bayan hari, domin ɗan kwangila ya canja sunan kamfani, ma'aikacin da ya sa hannu ya yi ritaya, fayil kuma gara ta cinye.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin Mulki na 1999 bai yi shiru a kan wannan batu ba. Sashe na 85 ya kafa ofishin Babban Odita na Tarayya, ya ba shi ikon duba littattafan kuɗi na ma'aikatu da ofisoshi da kotunan Tarayya, ya kuma ce ba ya ƙarƙashin umurnin kowa a wajen aikinsa. Cikin kwana 90 da karɓar lissafin shekara daga Babban Akanta, wajibi ne ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Tarayya, ita kuma ta miƙa wa kwamitin kula da kuɗin jama'a, wanda bisa al'ada ɗan jam'iyyar hamayya ne ke shugabantarsa. Ba a iya tuɓe Babban Odita sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Sashe na 125 ya yi irin wannan tanadi ga kowace jiha.

A takarda dai tsari ne mai kyau. To amma a cikin wannan sashe na 85 ɗin akwai wata kafa da ba kowa ya lura da ita ba, kuma ta shafi hukumomin raya shiyyoyi kai tsaye. Ƙaramin sashe na uku ya hana Babban Odita ya binciki littattafan hukumomi da kamfanonin gwamnati waɗanda aka kafa da doka. Iyakacin abin da zai yi shi ne ya ba su jerin sunayen kamfanonin bincike masu zaman kansu su zaɓa, ya ba da shawara a kan ladan da za a biya su, ya yi sharhi a kan rahoton da suka rubuta, sa'an nan ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Watau hukumar da za a bincika ita ce za ta zaɓi mai bincikenta, ita ce kuma za ta biya shi. Ba mu ce kowane kamfanin bincike zai sayar da mutuncinsa ba. Amma wanda yake fatan a sake kiransa baɗi, da wuya ya rubuta abin da zai ɓata wa mai kiran rai.

Sai matsalar jinkiri. Kwana 90 ɗin nan ba ya fara ƙirguwa sai Babban Akanta ya kawo lissafi, shi kuma sai ma'aikatu sun kawo nasu. Da haka ne rahoton binciken shekarar 2021 bai fito ba sai ƙarshen 2024. Kuma a kusan kowane rahoto za a tarar Babban Odita yana kukan cewa hukumomi masu yawa ba su kawo masa lissafinsu ba sam, wasu shekara da shekaru. Dalili kuwa a fili yake: ba shi da sandar dukan wanda ya ƙi. Dokar binciken kuɗi da aka gada ta 1956 ce, tun ana kashe fam da sule, tun ba a san za a yi jihohi ba. Majalisar Tarayya ta takwas ta zartar da sabuwar doka wadda za ta ba ofishin 'yancin kansa da ikon hukunci, amma wa'adinta ya ƙare a 2019 ba a sa mata hannu ba, har aka shiga 2024 ana tafiya da tsohuwar.

Ma'aikatan da suka daɗe a bakin aiki ba su manta da Vincent Azie ba. Shi ne muƙaddashin Babban Odita wanda ya fito da rahoton shekarar 2001 a watan Janairu na 2003, rahoton da ya tona yadda ake kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba a manyan ofisoshi, har da fadar Shugaban Ƙasa da Majalisa. Bai yi wata biyu ba aka sallame shi daga kujerar, aka ce wa'adin riƙonsa na wata shida ya cika. Ko mene ne dalili, kowane ma'aikacin bincike a ƙasar nan ya fahimci saƙon. Wannan shi ya sa muke ganin barin irin wannan ofishi a hannun muƙaddashi hatsari ne, domin kariyar da Tsarin Mulki ya tanada ba ta rufe mai riƙon ƙwarya.

JIHOHI DA ƘANANAN HUKUMOMI

Kuɗin raya ƙasa ba ta hannun hukumomin shiyya kaɗai suke biyowa ba. A cikin kowace Naira 100 da ake rabawa daga asusun Tarayya, bayan an cire wa jihohin mai kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinai, Tarayya na ɗaukar Naira 52.68, jihohi 36 su raba Naira 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba Naira 20.60. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, har a 2024 ya riƙa haye Naira tiriliyan 1 a kowane wata. Ban da wannan akwai asusun ilmin bai-ɗaya na dokar 2004, wanda ke samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, kuma jiha ba ta ɗiba sai ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. Akwai asusun kiwon lafiya a matakin farko na dokar 2014, mai aƙalla kashi 1 cikin 100. Akwai asusun kula da muhalli, domin zaizayar ƙasa da ambaliya da gurgusowar hamada. Duk waɗannan kuɗi ne da suke tasowa daga hawa na sama, su ratsa ta jiha, a ce za su sauka a ƙauye.

A wannan ratsawar ce ake yawan yin ɓatan dabo. Misalin da shari'a ta riga ta tabbatar shi ne na tsohon Gwamnan Filato, Joshua Dariye, wanda Babbar Kotun Abuja ta samu da laifin karkatar da fiye da Naira biliyan 1 na asusun kula da muhalli na jiharsa. An gurfanar da shi a 2007, ba a yanke hukunci ba sai a watan Yuni na 2018, aka ɗaure shi shekara 14, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 10, sa'an nan a 2022 aka yi masa afuwa. Abin lura a nan shi ne, Tarayya ta ba da kuɗi don wani aiki takamaimai, amma da kuɗin suka shiga jiha sai idon Babban Odita na Tarayya ya tsaya a bakin iyaka. Shi kuma na jiha, Gwamna ne ya naɗa shi, kuma daga hannun Gwamna kuɗin gudanar da ofishinsa suke fitowa.

Gaskiya ne an sami ci gaba a jihohi. Daga 2018 Bankin Duniya ya kawo wani shiri na dala miliyan 750, wanda a cikinsa ake ba jiha tukuici idan ta buga kasafinta da lissafinta na shekara wanda aka bincika a kan lokaci. Kafin a jima jihohin da a da ba a taɓa ganin littafinsu ba suka shiga bugawa, da yawa kuma suka yi sababbin dokokin binciken kuɗi a 2021. Wannan ya nuna abin ba gagara ya yi ba. Amma abin kunya ne a ce sai baƙo ya ɗaga dala sa'an nan mu nuna wa mutanenmu lissafin dukiyarsu. Gwajin gaskiya shi ne ko za a ɗore bayan tukuici ya ƙare.

Hawa na uku shi ne ya fi kusa da talaka, shi ne kuma ya fi duhu. Jihohi bakwai na Arewa Maso Yamma suna da ƙananan hukumomi 186: Kano 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna 23, Sakkwato 23, Kebbi 21, Zamfara 14. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya ce kasonsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma kowa ya san yadda wannan asusu ya zama a jihohi da dama: a cire wannan, a cire wancan, a ce aikin haɗin gwiwa ne, abin da ya saura da kyar ya biya albashi. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi ta hana a ciri tsabar kuɗi fiye da Naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu. Daga bisani, ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomin riƙo. Aka shiga 2025 ana ta kai-kawo a kan yadda za a aiwatar.

Muna goyon bayan wannan hukunci. To amma kada murna ta sa a manta cewa sauya hannun da ke riƙe da jaka ba shi ne tsare jaka ba. Idan kuɗi suka sauka kai tsaye a sakatariya inda ma'aji bai rufe littafin bara ba, inda kansiloli ba su taɓa zama a kan rahoton bincike ba, inda mai binciken cikin gida yake ƙarƙashin shugaban da zai bincika, to an ɗauke nama daga gaban kura ɗaya an rarraba wa 774. Kowace jiha tana da Babban Odita na ƙananan hukumomi, amma mutum nawa ne a cikin masu karatunmu suka taɓa ganin rahotonsa da idonsu? Ma'aikata nawa gare shi, da motoci nawa, da zai zaga ƙananan hukumomi 44 na Kano a cikin shekara?

RIJIYA ƊAYA, MASU ITA HUƊU

Babban abin da muke tsoro game da sababbin hukumomin shi ne cinkoson masu aiki iri ɗaya a wuri ɗaya. A yau rijiyar burtsatse guda a ƙauye tana iya fitowa a kasafin ƙaramar hukuma, ta fito a na ma'aikatar ruwa ta jiha, ta fito a aikin mazaɓa na ɗan majalisa, ga kuma hukumar raya shiyya ta shigo ta huɗu. Haka ajin makaranta, haka ɗakin shan magani, haka kwalbati. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da mai bincikensa dabam, kuma babu mai ganin littafin wani. Idan aka haƙa rijiya ɗaya aka biya kuɗin huɗu, kowane mai bincike zai zo a nuna masa rijiya, ya ga ruwa na zuba, ya sa hannu ya koma. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma kuɗin rijiya uku sun tafi.

Har ila yau, yawancin binciken da ake yi na takarda ne. Mai bincike zai duba ko akwai takardar amincewa, ko an yi tallar kwangila, ko bauca tana da rasit, ko injiniya ya ba da shaidar kammala aiki. Masu cin dukiyar jama'a kuwa sun fi kowa iya cika takarda. An san dabarunsu: a biya kuɗin kafin alƙalami ɗan kwangila ya zuba yashi tifa biyu ya ɓace, a farfasa babban aiki ƙanana-ƙanana don kada ya kai adadin da sai an kai gaban kwamitin kwangila, a ba ma'aikaci kuɗin tafiya ko na sayayya shekara ta ƙare bai kawo bayani ba, a sayi kaya a rubuta sun shiga sito alhali mai sito bai gan su ba. Maganin wannan shi ne mai bincike ya tashi daga kan tebur ya je wurin da ƙafarsa, ya auna, ya ƙirga, ya tambayi mai unguwa da hedimasta. Gani ya kori ji.

Mun san akwai masu cewa yawan bincike yana kawo jinkiri, mutanen da ke sansanin gudun hijira kuwa ba za su jira bauca ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a tsai da buhun hatsi sai odita ya zo ba. Amma a tambayi mutanen Neja Delta wanne ya fi jinkiri, mako biyu na duba takarda ko shekara ashirin ana kallon ginin da ba rufi. Akwai kuma masu cewa su kansu masu binciken ana toshe musu baki. Wannan ma yana faruwa, kuma dalilinsa sananne ne: idan ofishin da za a bincika shi ne zai ba mai bincike mota da masauki da abinci, an riga an gama da shi tun bai buɗe fayil ba. Gyaran shi ne a ba shi guzurinsa daga ofishinsa, a kuma buga abin da ya rubuta don wani ya iya ƙaryata shi idan ya yi rufa-rufa.

Kada wani ya ɗauka bin sawun dukiyar jama'a baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shaihu Almagili ya rubuta masa nasiha cewa ya san abin da ma'aikaci ya mallaka kafin ya naɗa shi, ya kuma riƙa duba shi bayan naɗi, kamar yadda aka san Sayyidina Umar yana yi wa gwamnoninsa. A zamanin En'e kowace masarauta tana da Baitulmali da Ma'aji, ana buga kasafinta kowace shekara, masu bincike suna zagayawa, kuma a tsakanin 1962 da 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano, wadda ta fi kowace girma. En'e tana da nata laifuffuka, ba mu wanke ta ba. Amma a wancan lokaci talaka da hannunsa yake biyan haraji da jangali, ya karɓi rasit, saboda haka ya san kuɗin Baitulmali guminsa ne. Da kuɗin mai suka zo, aka soke haraji da jangali, kamar yadda Kano da Kaduna suka yi a 1979, sai aka sami sauƙi ta wani gefe, ta wani gefen kuma mutane suka ɗauka kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Wannan tunani shi ne babbar garkuwar ɓarawo. Alhali kuwa duk wanda ya sayi katin waya ko buhun siminti ya biya harajin kaya, kuma a cikin abin da ake rabawa a Abuja akwai nasa.

SHAWARARMU

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da ta gyara ƙaramin sashe na uku na sashe na 85, da takwaransa a sashe na 125, yadda Babban Odita zai iya shiga littafin kowace hukumar raya shiyya da kansa, ko aƙalla ya zama shi ne mai naɗa kamfanin da zai bincika. Haka nan dokar binciken kuɗi ta ƙunshi wa'adi tabbatacce ga Babban Akanta, da hukunci bayyananne ga shugaban hukumar da ya ƙi kawo lissafi. Mafi sauƙin hukunci shi ne hukumar da ba ta kawo lissafin bara ba kada a sakar mata kuɗin manyan ayyuka na baɗi.

Ga Ma'aikatar Raya Shiyyoyi kuma, shawararmu ita ce ta buɗe rajista guda ta ayyuka a kowace shiyya, wadda Tarayya da jiha da ƙaramar hukuma da hukumar shiyya duk za su rubuta abin da suke yi a ciki: sunan gari, irin aiki, kuɗinsa, sunan kamfani, abin da aka biya, da ranar gamawa. A sa ta a intanet, a kuma liƙa ta kowace ƙaramar hukuma a allon sakatariya da Hausa da sauran harsunan wurin, a karanta a gidan rediyon jiha. Da wannan kaɗai maganar rijiya ɗaya masu ita huɗu ta mutu. Ya kamata kuma manyan oditoci na hawa ukun su riƙa zama tare sau ɗaya a shekara a kan kuɗin da suka ratsa tsakaninsu, su fito da rahoto guda.

Gwamnoninmu, waɗanda su ne za su fi kowa cin moriyar sunan kirki idan aiki ya yi kyau, muna roƙonsu su sakar wa ofisoshin bincike kuɗinsu kai tsaye kamar yadda sababbin dokokin jihohi da dama suka tanada, su ɗauki ƙwararrun ma'aikata har da injiniyoyi da masu ƙiyasin gini, su kuma bar majalisun dokoki su yi zaman sauraron rahoto a bainar jama'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gwamnan da ya san hannunsa tsarkakakke ne, rahoton odita shaida ce a gare shi ranar da ya sauka daga mulki aka fara tone-tone.

'Yan'uwa ma'aikatan gwamnati, ku ne kuka fi kowa sanin cewa babu kwabon da ke fita sai da sa hannun ɗayanku. Ɗan siyasa yana ba da umurni da baki, amma sunan da ke kan bauca na akanta ne, da injiniya, da mai sito, da babban sakatare. Ranar da hukumar EFCC ko ICPC ta zo, takarda za ta bi, mai ba da umurni kuwa ya yi gaba. Wanda aka matsa wa ya yi abin da ya saɓa wa ƙa'idar kuɗi, ya nemi a rubuta masa umurnin, ya rubuta nasa ra'ayin a fayil, ya ajiye kwafi. Takardar neman bahasi daga odita kuma a amsa ta a kan lokaci, domin yawancin abin da ke zama abin kunya a rahoto ya faro ne daga tambayar da aka jefa a aljihun tebur.

Ku kuma ɗalibai, musamman na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Kasafin jihohi yanzu ana samunsa a intanet. Ƙungiyar ɗaliban kowace ƙaramar hukuma tana iya ɗaukar shafin da ya shafi garinsu a lokacin hutu, su zaga su ga abin da aka yi da wanda ba a yi ba, su rubuta cikin ladabi da hujja su kai wa kansila da ɗan majalisa, su aiko wa jarida. Wannan ya fi zagi a dandalin sada zumunta amfani nesa ba kusa ba, kuma horo ne ga waɗanda gobe su ne za su zauna a kan waɗannan kujeru.

Hukumar Raya Arewa Maso Yamma da 'yan'uwanta sababbi suna da wata dama da NDDC ta riga ta rasa, watau littafinsu bai daɗe da buɗewa ba. Idan tun daga shekarar farko suka saba da rufe lissafi a kan lokaci, suka buga shi, suka bar mai bincike ya taka har inda aikin yake, to waɗanda za su gaje su ba za su iya sauya al'adar cikin sauƙi ba. In kuwa aka ce a bari sai an zauna da gindi tukuna, to nan da shekara ashirin wata gwamnati za ta kafa kwamitin binciken ƙwaƙwaf, a ƙirga mana dubban ayyukan da aka watsar daga Argungu zuwa Haɗeja, yaran da aka yi domin su kuwa sun girma ba aji ba asibiti. Tun ran gini tun ran zane.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya ba mu ikon tambaya a kan haƙƙinmu, amin.